Namiji da mace: daga ina bambancin yake farawa, kuma wa ke kawo ɗa namiji?

Ranar sunan 'yar ƙanena ta biyar, a nan Garwa, arewacin Kamaru, bayan an yanka rago an raba goro da dabino, na shiga cikin gida in gaida maijego. Goggonmu tana zaune kan tabarma a bakin ƙofar ɗaki, tana jan carbi. Ba ta ko rage murya ba ta ce, "Ita dai wannan, cikinta ba ya riƙe maza." Maijego ta ji. Ta sunkuyar da kai, ta shiga gyara wa jaririyar zanin da aka naɗe ta da shi, alhali zanin lafiyarsa ƙalau.

Abin ya tsaya mini a rai. Shekara da shekaru ina koyar da kimiyyar halittu a lise, wato makarantar sakandare, ina zana wa yara wannan magana a allo da Faransanci, suna rubutawa a jarrabawa suna ci, amma ban taɓa zama na faɗe ta da Hausa a gidanmu ba. To ga ta nan, tun daga tushe.

Idan ka tambayi mutum me ya raba namiji da mace a dabbobi, yawanci zai ce namiji ya fi girma, ya fi ƙarfi, shi ke da ƙaho ko geza, mace kuma ita ke reno. A cikin garken shanu da awaki maganar tana kama da gaskiya. A dajin Waza ma haka: zaki ne mai geza, kuma toron giwa yakan kai tan 6 yayin da macen take tsayawa wajen tan 3. Amma ɗaga kai ka dubi shaho da danginsa masu farauta a sama, za ka tarar macen ce ta fi girma. Jimina namiji baƙi ne, macen kuma ruwan ƙasa, kuma raba kwanci suke yi: ita da rana, lokacin da launinta ke sajewa da ƙasa, shi da dare. Sauron da ke hana mu barci da damina, mai sa mana zazzaɓin cizon sauro, mace ce. Tana buƙatar jini don ƙwanta ya nuna. Namijin sauro bai taɓa cizon kowa ba, ruwan furanni yake sha.

Sai kura, wadda ta fi kowa rikita mutane. A garken kuraye masu dabbare-dabbare mace ce shugaba, ta fi namiji jiki da faɗa, kuma al'aurarta ta yi tsawo har tana kama da ta namiji. Ta nan take fitsari, ta nan take barbara, ta nan take haihuwa, shi ya sa haihuwar fari takan yi mata tsanani har 'ya'ya da yawa su mutu a hanya. Mutanen dā a wurare da dama sun ɗauka kura mata-maza ce. Ba haka ba ne. A cikinta akwai mahaifa da gidan ƙwai kamar kowace mace.

Tunda girma da ƙarfi da reno duk suna juyawa, masana sun kafa ma'aunin a wuri ɗaya da ba ya juyawa, wato irin da kowanne yake bayarwa wajen haihuwa. Wanda jikinsa ke yin ƙwai, babba, mai guzurin abinci a ciki, shi ne mace. Wanda jikinsa ke yin ƙwayoyin maniyyi, ƙanana, masu yawa, masu iyo, shi ne namiji. Ko kifi ne, ko kwaɗo, ko mutum. Har itatuwa ba a bar su a baya ba: manoman dabino a Faya, can arewacin Chadi, suna hawa su ɗaura furen namijin dabino a jikin na macen, kuma duk wanda ya taɓa shuka gwanda ya san baƙin cikin renon namijin gwanda da ba ya 'ya'ya.

A jikin ɗan Adam wannan bambanci na iri yana da girma ƙwarai. Ƙwan mace ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, da ƙyar ido zai iya hango shi. Ana haihuwar yarinya da ƙwayayenta a jiki, tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2, suna ta raguwa, kuma waɗanda za su nuna su fito a duk tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba, yawanci ɗaya a wata. Shi kuwa namiji daga balaga jikinsa ke ƙera miliyoyi kullum har tsufa. Daga nan sauran bambance-bambance da yawa suke tasowa, domin mai ƙwai ɗaya a wata da ciki na wata tara ba zai zama da jiki iri ɗaya da mai miliyoyi a rana ba.

Yanzu ga inda maganar Goggo take. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wasu zarurruka da ake kira kuromozom, guda 46, an jera su biyu-biyu, ɗauri 23. Rabi daga uwa, rabi daga uba. A jikinsu aka rubuta gado: launin fata, tsayi, rukunin jini, har da sikila. Ɗauri 22 iri ɗaya ne ga maza da mata. Na 23 ne ya bambanta. Mace tana da guda biyu masu kama da juna, ana kiransu X da X. Namiji yana da X ɗaya da wani ɗan guntu da ake kira Y.

Lokacin da jiki zai yi iri, sai ya raba kowane ɗauri biyu, ya sa ɗaya a ciki. Mace ba ta da abin sawa sai X, don haka duk ƙwan da ya fito daga jikin kowace mace a duniya X yake ɗauke da shi. Namiji kuwa rabin ƙwayoyin maniyyinsa X ne, rabi Y. Idan mai X ya riga shiga ƙwan, an samu XX, 'ya mace. Idan mai Y ne, an samu XY, ɗa namiji. A wannan daƙiƙa aka gama magana, tun kafin matar ta san ta ɗauki ciki. Wata masaniya 'yar Amurka, Nettie Stevens, ita ta fara nuna haka a 1905, tana nazarin wasu ƙananan ƙwari. A 1990 kuma masu bincike a Landan suka gano ainihin ƙwayar gadon da ke kan Y mai wannan aiki, suka sa mata suna SRY. Shekara ɗaya bayan haka aka dasa ta a tayin ɓera mai XX, sai ya fito da jikin namiji.

Ke nan abin da ke rarrabewa daga wajen miji yake zuwa. Amma kada mu ɗauke laifi daga kan mata mu ɗora wa maza, domin shi ma mijin ba ya zaɓa. Miliyoyi ne ke tsere, ba shi da iko a kan wanda zai isa. Kowane ciki kamar sabuwar ƙuri'a ce, kusan rabi da rabi, kuma cikin da ya wuce ba ya shafar na gaba. A duniya baki ɗaya ana haihuwar maza kimanin 105 a kan kowace mata 100. Idan ka lissafa, cikin gidaje talatin da 'yan kai masu 'ya'ya biyar, za a samu gida ɗaya da duk mata ne, a samu wani da duk maza ne, ba tare da kowa yana da wata cuta ba. Garwa kaɗai gida nawa ne? Dole mu riƙa ganin irin gidan ƙanena a kowace unguwa.

Abin da ke ƙara wa camfin ƙarfi shi ne, mutum ya ƙara aure, amarya ta haifi namiji, sai a ce, "Kun gani ko?" Ba abin da aka gani. Irin mijin ne dai bai canja ba, kuma da uwargida ce ta ɗauki wannan cikin, damarta daidai take da ta amarya. Waɗanda amaryarsu ta zo ta ci gaba da jera mata ba a ba da labarinsu a majalisa. Haka nan masu sayar da garin magani a kasuwa da sunan "na haihuwar maza", da masu cewa a kwanta ta ɓarin dama ko a ci abu kaza, kuɗin mutane kawai suke ci. Hoton ciki, wanda muke kira eko a nan, yana iya nuna jinsin ɗa wajen wata na biyar, amma nunawa yake yi, ba ya canjawa. Mu Musulmi ma ba mu da uzurin ruɗewa, ga ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura sun faɗa ƙarara cewa Allah Yana ba wanda Ya so mata, Yana ba wanda Ya so maza, ko Ya haɗa masa, ko Ya bar shi bakarare. Suratun Nahli kuma ta zargi wanda fuskarsa ke baƙi idan an yi masa albishir da 'ya mace.

Abin da ke ba ni sha'awa, har nakan tsaya a kansa a aji fiye da yadda manhaja ta tanada, shi ne wannan tsari na X da Y ba shi ne na kowa ba. Namu ne da sauran masu shayarwa, shanu, tumaki, raƙuma, dawaki. Kajin da ke kiwo a tsakar gidanmu akasin haka suke. Zakara ne mai guda biyu iri ɗaya, ZZ, kaza ce mai ZW, don haka a wajen tsuntsaye daga uwa abin yake zuwa.

Kadan da ke kogin Binuwai ba shi da kuromozom na jinsi kwata-kwata. Uwar takan haƙa rami a yashin gaɓa ta binne ƙwai, zafin yashin ne zai yanke hukunci. Idan zafin ya tsaya wajen digiri 32 zuwa 34, yawanci maza ake ƙyanƙyashewa. Idan ya yi ƙasa da haka, ko ya zarce, sai mata. Rami ɗaya ma na saman da na ƙasan suna iya bambanta. Shi ya sa masana ke damuwa da ɗumamar yanayi a kan irin waɗannan dabbobi, domin ƙarin digiri ɗaya ko biyu yana iya karkatar da zuriya gaba ɗaya zuwa ɓangare guda.

Masu rataya amya a itatuwan Adamawa, wajen Ngawundare, sukan yi maganar "sarkin zuma". Sarauniya ce. Ita kaɗai ke yin ƙwai a cikin amya. Ƙwan da ta haɗa da maniyyi ya zama mace, wanda ta saki haka nan ba haɗi ya zama namiji. Wato namijin ƙudan zuma yana da uwa amma ba shi da uba. Duk ma'aikatan da ke fita ɗibar furanni, masu gina saƙa, masu harbinka idan ka matso, mata ne. Namijin ba shi da ƙari ma balle ya yi harbi. Kuma abin da ya raba sarauniya da ma'aikaciya ba gado ba ne, abincin da aka ciyar da su suna tsutsa ne.

Masunta a tafkin Lagdo kuwa sun san karfasa namiji ya fi saurin girma. Dalili a fili yake: macen tana ɗauke ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, kwana da kwanaki ba ta cin abinci sosai. Don haka masu kiwon kifi suka fi son tafki mai maza zalla.

Mu koma cikin mahaifar ɗan Adam. Har zuwa mako na shida, tayin namiji da na mace ba su da bambanci a ido. Dukansu suna da wasu 'yan tsiro biyu da za su iya zama maraina ko gidan ƙwai, da bututu iri biyu, na maza da na mata. Idan akwai SRY, wajen mako na bakwai sai ta tayar da aiki, tsiron ya zama maraina. Marainan su fara fitar da sinadarai biyu: testosteron, mai gina bututun maza da al'aurar namiji, da wani mai shafe bututun da zai zama mahaifa. Idan babu SRY, wasu ƙwayoyin gadon ne ke karɓar aiki, su gina gidan ƙwai, mahaifa ta tsiro. Wannan ne ya sa namiji yake da kan nono: an riga an shata shi kafin hanya ta rabu.

Makiyaya sun san wani abu da ke nuna ƙarfin waɗannan sinadarai, ko da ba su kira shi da sunan boko ba. Idan saniya ta haifi tagwaye, maraƙi da maraƙa, macen yawanci ba ta haihuwa, kusan tara cikin goma. Jininsu ne ke gauraya a ciki, sinadaran namijin su shiga jikin 'yar'uwarsa su hana mahaifarta kammala. A mutane haka ba ta faruwa, domin tagwaye mace da namiji kowanne da mabiyiyarsa. Na faɗi wannan ne saboda na taɓa jin ana tsoratar da wata uwa cewa Hassanarta ba za ta haihu ba tunda da Husaini aka haife ta.

Tafiya mai matakai da yawa haka, wani lokaci takan karkace. Akwai namijin da ake haifa da XXY, kimanin ɗaya cikin 500 zuwa 1000, sau da yawa ba ya sani sai ya je neman haihuwa. Akwai macen da ke da X ɗaya tak, gajeriya, al'ada ba ta zuwar mata. Akwai jaririyar da wani ɗan nama da ke saman ƙodarta ke fitar da sinadarin maza fiye da kima, a haife ta da al'aurar da ungozoma za ta rasa me za ta ce. Wannan na ƙarshen yana buƙatar asibiti da gaggawa, don wasunsu gishirin jikinsu ke zubewa a makonnin farko har ya kai ga rasa rai. Mu muna cewa mata-maza, malaman fiƙihu suna cewa hunsa, kuma ba su ɗauke shi abin kunya ba: Mukhtasar na Shaihu Halil da ake karantawa a zaurukanmu da hukuncin gadon hunsa ya rufe. Abin da ke kashe irin waɗannan yara shi ne ɓoyo.

Bayan balaga testosteron a jinin namiji yakan ninka na mace kusan sau 15. Shi ke faɗaɗa kafaɗa, ya ƙara tsoka, ya buɗe murya, ya fito da gemu. A matsakaici maza sun fi mata tsayi da santimita 12 zuwa 13, kuma a tseren gudu na duniya tazarar zakarun maza da na mata tana wajen kashi 10 cikin 100. Wannan gaskiya ce, ba a musunta. Sai dai matsakaici ake nufi. Mace Bafulatana doguwa ta fi maza da yawa tsayi, kuma matar da ke daka da ɗaukar itace tun tana yarinya ta fi ɗan birnin da ke wuni a kan kujera ƙarfin hannu. A fagen ƙwaƙwalwa kuwa, bincike bai nuna wani jinsi ya fi wani kaifin basira a dunƙule ba. A ajina sau da yawa yarinya ce ke zuwa ta ɗaya, har ranar da za a cire ta.

Ƙarfin namiji kuma yana tafe da rauninsa. X yana ɗauke da ƙwayoyin gado sama da 800, Y kuwa kaɗan ne a kansa. Idan X ɗin mace ɗaya yana da tangarɗa, ɗayan yakan rufa mata. Namiji ba shi da na biyu. Shi ya sa cutar rashin tsayawar jini da rashin bambance ja da kore suka fi kama maza. Wadda ta fi shafarmu a nan ita ce ƙarancin wani sinadari na jini da ake kira G6PD, mai yawa a Afirka. Yaron da ke da shi, wasu magunguna ko ƙwallon kafur da ake sawa a akwatin kayan jarirai suna iya farfasa masa jini, idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu. Daga uwa yaro namiji yake gadonsa, tunda X ɗinsa nata ne. Sikila kuwa ba ta kan X ko Y, sai uwa da uba sun haɗu sun ba da, don haka ita ma ba a ɗora wa mutum ɗaya. Garkuwar jikin mace ta fi kaifi, jarirai mata sun fi jure cuta, kuma kusan a kowace ƙasa mata sun fi tsawon rai. Kaifin garkuwar ne kuma ke sa kusan huɗu cikin biyar na masu cututtukan da garkuwa ke juyowa ta yaƙi jiki mata ne. Ko kyanwa ka gani mai launi uku, fari da baƙi da ja, kusan tabbas mace ce, don sai da X biyu ake haɗa baƙi da ja. Wata masaniya 'yar Ingila, Mary Lyon, ta bayyana sirrin a 1961: a kowace ƙwayar jikin mace ana kashe X ɗaya a bar ɗaya, nan na uwa, can na uba.

Bambancin da ya fi damuna shi ne wanda muka fi yin sakaci da shi, wato jini da ƙugu. Mace tana zubar da jini kowane wata, tana gina jinin ɗa a cikinta, tana zubarwa a haihuwa. Buƙatarta ta sinadarin ƙarfe ta ninka ta namiji fiye da sau biyu, da ciki kuma ta kai sau uku. A asibiti ana cewa namiji yana da ƙarancin jini idan awonsa ya gaza 13, mace 12, mai ciki 11. Ciki kuma yana sassauta garkuwa, musamman na fari, shi ya sa zazzaɓin cizon sauro ya fi kayar da masu ciki, kuma shi ya sa ake ba su maganin rigakafi da ƙwayar ƙarin jini a wajen awo. Amma a gidajenmu wa ake tsame wa hanta da tsoka? Kwanon maigida. Wadda jikinta ya fi buƙata ita ke cin abin da ya rage a tukunya.

Ƙugun mace ya fi na namiji faɗi don kan ɗa ya wuce, sai dai ba ya gama buɗewa ranar da yarinya ta fara al'ada, yana ci gaba da girma shekaru bayan haka. Idan ciki ya zo kafin ƙashi ya kammala, kan ɗa yakan maƙale, naƙuda ta yi kwana biyu ko uku, naman da ke tsakanin mafitsara da farji ya mutu, sai yoyon fitsari. Chadi tana cikin ƙasashen da mata suka fi mutuwa wajen haihuwa a duniya, kuma a Kamaru ma arewa ce ta fi shan wannan wuya. Daga Marwa zuwa Kusiri zuwa Njamena, da wuya ka samu dangin da ba su binne wata a dalilin haihuwa ba.

Da la'asar ranar sunan, bayan baƙi sun ragu, na zauna gefen tabarmar Goggo. Na ce, "Goggo, ku yi mini haƙuri, akwai maganar da kuka yi ɗazu." Na ɗebo goro fari da ja a faranti, na ce ita matar fari kawai take da shi, ɗanku ne ke da fari da ja, kuma ido rufe yake miƙa hannu. Ta daɗe tana kallon farantin. Ta ce, "To ai shi ma ba shi ya zaɓa ba ke nan." Na ce, "Haka ne, Goggo." Ta ce, "Ikon Allah," ta ci gaba da jan carbinta.

Kafin in fita na roƙi matar ƙanena ta ja fatar idonta ta ƙasa in gani. Fari fat, kamar takarda. Haihuwa biyar cikin shekara tara. Washegari ƙanena ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti, aka auna jininta, aka samu 8.